Fashin Baƙi: Saka Manhajar Intanet Cikin Kwantena, Me Yake Magancewa, Me Kuma Yake Bari?

Idan mai haɗa manhaja ya ce maka, "na saka aikinka cikin kwantena," me ya yi ke nan, kai kuma me ka samu? Tambayar ta cancanci amsa, domin a ƴan shekarun nan sunan Docker, wato shahararriyar manhajar da ake yin irin wannan kwantena da ita, ya shiga sanarwar neman ma'aikata da takardun kwangila a nan Yamai, ya kuma shiga bakin ɗaliban kwamfuta tun daga Jami'ar Abdou Moumouni har zuwa ta Tawa. Sai dai fahimtar da ake yi wa abin ta rabu. Wasu masu makarantu da asibitoci masu zaman kansu sun ɗauka cewa kwantena wata ma'ajiya ce a ƙasar waje wadda bayanansu ba za su taɓa ɓacewa a cikinta ba. Wasu sun ɗauke ta a matsayin garkuwa daga masu kutse. Akwai kuma tsofaffin hannu a sana'ar da ke ganin yayi ne kawai, wanda ke ƙara wa ƙaramin aiki nauyi ba gaira ba dalili. Biyun farko kuskure ne mai tsada, na ukun kuwa yana da ƙamshin gaskiya a wasu wurare.

Manhaja, harsashinta da sabar da take zaune

Manhajar intanet ita ce wadda ake shiga ta burauza, kamar shafin da sakatariyar makaranta ke buɗewa don rubuta kuɗin da iyaye suka biya. Ba a kan kwamfutar sakatariyar take gudana ba. Tana gudana ne a kan wata kwamfuta da ake kira saba, wadda za ta iya kasancewa a ɗakin da ke kusa ko kuma a wata cibiya a Faransa.

Kusan babu mai rubuta irin wannan manhaja daga tushe. Ana ɗora ta a kan abin da masu sana'ar ke kira firemwok, wanda a nan za mu kira harsashin manhaja, wato shiryayyen gini da ya riga ya tanadi abubuwan da kowane shafi ke buƙata: rajistar masu shiga, kalmar sirri, fom-fom, da hanyar magana da rumbun bayanai. Django, wanda aka rubuta da harshen Python, ya samo asali ne a ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas ta Amurka, inda Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara shi, aka kuma sake shi ga jama'a a 2005. Symfony, na harshen PHP, ya fito daga Faransa shi ma a 2005, shi ya sa ya samu karɓuwa a ƙasashen da ke karatu da Faransanci. Laravel ya biyo baya a 2011. Zan riƙe Django a matsayin misali, amma maganar ɗaya ce a sauran.

Harsashin ba ya tsayuwa shi kaɗai. Yana buƙatar takamaimiyar siga ta Python, yana buƙatar kayan haɗi da wasu mutane suka rubuta, kamar na sarrafa hoto ko na fitar da rasit a PDF, su kuma waɗannan suna dogara da wasu kayan da ke cikin tsarin Linux kansa. Sarƙa ce, kuma idan zobe ɗaya ya saɓa, sai duka ta tsinke.

"A wurina tana aiki"

Wannan ita ce maganar da duk wanda ya taɓa ba da kwangilar manhaja ya ji. Mai haɗawa ya gwada aikin a kan kwamfutarsa komai lafiya, an kai shi sabar mai aikin sai ya ƙi tashi. Ba ƙarya ya yi ba, kwamfutocin ne suka bambanta. Django 5.0 ba ya gudana sai da Python 3.10 ko abin da ya fi shi, alhali tsohuwar saba na iya ɗauke da 3.8. Idan aka ɗaga Python ɗin sabar don sabon aiki, wata tsohuwar manhaja da ke zaune a wurin tana iya lalacewa. An ga irin wannan rikici a fili lokacin da aka daina kula da Python 2 a ranar 1 ga Janairu 2020, inda manhajoji da yawa suka maƙale tsakanin tsohon zamani da sabo.

A wurinmu matsalar tana da wata fuska da ta fi wannan ciwo. Yawanci mutum ɗaya ne ke girka sabar da hannunsa, yana gyara nan yana taɓa can har abin ya tashi, ba tare da ya rubuta matakan da ya bi ba. Bayan shekara biyu ya samu aiki a Abijan ko Dakar, faifan sabar ya mutu, sai a tarar babu wanda ya san yadda aka yi aka tayar da ita. Ilimin ya tafi tare da mai shi.

Mece ce kwantenar?

Sunan aro ne daga sufurin kaya, kuma kowane ɗan kasuwar Yamai ya san asalinsa. Kafin 1956, lokacin da Malcom McLean ya loda kwantenoni 58 a jirgin ruwansa daga Newark zuwa Houston, ana sauke kaya ne buhu-buhu da kwali-kwali a kowace tashar ruwa. Da aka daidaita girman akwatin zuwa ƙafa 20 da ƙafa 40, sai ya zama jirgi da ƙugiyar tasha da babbar mota duk ba ruwansu da abin da ke ciki. Shi ya sa da hanyar Kwatano ta toshe a 2023, kwantenar da aka saba ɗaukowa ta Gaya ta iya biyowa ta Lome da Burkina Faso ba tare da an sake ɗaurin kayan ba.

Haka kwantenar manhaja take. Ana tattara manhajar, da harsashinta, da sigar Python da take so, da dukan kayan haɗinta a ƙunshi guda mai tsari sananne, ta yadda duk sabar da ke da injin gudanar da kwantena za ta iya tayar da ita ba tare da ta san abin da ke ciki ba.

Dabarar ta girmi Docker nesa ba kusa ba. Tun 1979 tsarin Unix ke da umarnin chroot, wanda ke killace shiri a wani ɓangare na faifai. FreeBSD ya zo da nasa salon killacewar a 2000. Injiniyoyin Google sun rubuta cgroups, wanda ke ƙayyade yawan ƙwaƙwalwa da ƙarfin da shiri zai ci, ya kuma shiga Linux a 2008. Abin da Solomon Hykes da kamfaninsa na dotCloud suka yi a watan Maris na 2013 shi ne haɗa waɗannan tsofaffin kayan aiki a hanya mai sauƙi, tare da samar da tsarin ɗauri da kowa zai iya rabawa. A 2015 manyan kamfanoni suka amince da mizani guda mai suna OCI, saboda haka ƙunshin da aka yi da Docker yana gudana a Podman, wani injin gudanar da kwantena na kamfanin Red Hat, da makamantansa.

Wajibi ne a bambance kwantena da kwamfutar kwaikwayo, wadda mutane da yawa suka sani ta hanyar VirtualBox. Kwamfutar kwaikwayo kamar gina wa kowane mutum gidansa ne, da rijiyarsa da mitar wutarsa, domin kowace tana ɗauke da cikakken tsarin gudanarwa. Kwantenoni kuwa kamar ɗakuna ne a gidan haya: kowa da ƙofarsa da makullinsa, amma famfo ɗaya ne, mitar wuta ɗaya ce. Abin da suke tarayya a kai shi ne zuciyar Linux, wadda ake kira kanel. Daga nan ne sauƙinsu ya fito, suna tashi cikin daƙiƙoƙi kuma ba sa cin ƙwaƙwalwa da yawa, daga nan ne kuma rauninsu ya fito, domin katangar da ke tsakanin ɗaki da ɗaki ba ta kai ta gida da gida kauri ba. Wanda ke amfani da Docker a kan Windows ko Mac ya sani cewa akwai ƙaramar Linux ta kwaikwayo da ke gudana a ƙarƙashi, kuma ita ce ke sa tsohuwar kwamfutar ɗalibi nishi.

Yadda ake ɗaura kayan

Komai yana farawa ne da ɗan gajeren fayil mai suna Dockerfile, wanda sau da yawa bai wuce layi 15 ba. A ciki ake rubuta matakai bi da bi: a fara da Python siga kaza, a kwafo jerin kayan haɗi, a girka su, a kwafo manhajar, sannan a tayar da ita da umarni kaza. Idan aka gudanar da fayil ɗin sai a samu abin da ake kira imaj, wato daskararren ƙunshi da ba ya canzawa. Kwantena ita ce imaj a lokacin da yake aiki. Kamar mulun buga bulo ne da bulon kansa: mulu ɗaya, bulo ko nawa ake so, kuma idan bulo ya fashe ba a gyara shi, sabo ake bugawa.

A ganina, a cikin dukan wannan fasaha babu abin da ya kai wannan ɗan fayil daraja a wurinmu. Matakan da a da suke cikin kan mutum ɗaya yanzu suna rubuce, kuma ba rubutun da zai tsufa a aljihun tebur ba ne, domin shi ne injin ke bi a duk lokacin da aka gina imaj.

Imaj yana ginuwa ne hawa-hawa, kowane mataki da nasa hawan, kuma Docker yana adana hawan da bai canza ba. Saboda haka jerin matakan yana da tasiri a aljihu. Wanda ya kwafo dukan manhajarsa kafin ya girka kayan haɗi zai sake sauke su daga intanet a duk lokacin da ya gyara ko da harafi ɗaya ne. Wanda ya fara da jerin kayan haɗin, ya bar manhajar a ƙarshe, sau ɗaya zai sauke su. Ga mai sayen megabait da kuɗinsa, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Akwai tarkuna da kusan kowane sabon shiga ke faɗawa. Django yana zuwa da ƙaramar sabar gwaji wadda ke sauraro a adireshin 127.0.0.1, ƙofa ta 8000, ma'ana ba ta amsa wa kowa sai na cikin gida. A cikin kwantena, "cikin gida" yana nufin kwantenar kanta, don haka mutum zai ga alamar manhajar ta tashi amma burauzarsa ta kasa isa gare ta, har sai ya umarce ta da ta saurara a 0.0.0.0 ya kuma buɗe ƙofar zuwa waje. Irin wannan ruɗanin ne ke faruwa da rumbun bayanai. Idan rumbun, misali PostgreSQL, yana wata kwantenar, kiran sa da localhost, wato sunan "cikin gida", ba zai yi ba, sai an kira shi da sunan da aka ba shi a fayil ɗin Compose, wanda shi ne ke haɗa kwantenoni da yawa su yi aiki tare. Sabar gwajin ma, masu Django da kansu sun yi gargaɗi kada a yi aikin gaske da ita. Wani shiri mai suna Gunicorn ko makamancinsa ake sakawa ya riƙe manhajar, a ajiye wani mai suna Nginx a gaba yana karɓar baƙi yana kuma raba hotuna da fayilolin ado.

Sai agogo. Kwantena tana tashi ne da lokacin UTC, wato agogon duniya na GMT, sabon aikin Django ma haka, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Idan ba a saita agogon a kan lokacin Nijar, wato Africa/Niamey, ba, kuɗin da mai kantin magani na dare ya karɓa da ƙarfe 12 da rabi zai faɗa lissafin jiya, kuma da safe za a yi ta neman inda giɓin ya fito.

Ina bayanan suke kwana?

A nan ne asarar gaske take faruwa, kuma na taɓa ganin ta da idona. Wata makaranta mai zaman kanta a wata unguwa ta Yamai ta sa wani matashi ya haɗa mata manhajar karɓar kuɗin makaranta. Yaron yana da hazaƙa, aikinsa kuma ya yi kyau. Ya saka manhajar cikin kwantena a kan wata kwamfuta da ke ofishin darakta, ya bar rumbun bayanan a yadda Django ke zuwa da shi, wato SQLite, wanda fayil ɗaya ne tak da ke zaune kusa da manhajar. Wata uku ana aiki lafiya. An ɗauke wuta ba adadi, kwamfutar ta mutu ta tashi, bayanai suna nan, domin tsayar da kwantena da sake tayar da ita ba ya goge abin da aka rubuta a cikinta. Wannan ne ya ba kowa natsuwa.

Ranar da aka nemi ya ƙara shafin rasit, sai ya gina sabon imaj, ya cire tsohuwar kwantena ya tayar da sabuwa, kamar yadda ake koyarwa. Manhajar ta buɗe da sabon shafinta, amma babu sunan ɗalibi ko ɗaya. Lokacin da aka kira ni, na same shi zaune gaban allon yana ta maimaita umarni ɗaya, zufa ta jiƙa masa riga. Daraktar, wata dattijuwa, tana tsaye riƙe da littafin rasit.

"Hajiya, manhajar lafiyarta ƙalau," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "abin da aka shigar ne ya tafi."

"Ɗana, ba kai ka ce mini komai yana cikin akwati a kulle ba?"

Gaskiya ya faɗa mata, kuma matsalar ke nan. Bayanan suna cikin akwatin, akwatin kuwa an yi shi ne don a jefar. Abin da ya cece su shi ne Hajiya ba ta yarda an daina rubuta rasit na takarda ba, sai da sakatarori biyu suka shafe kwanaki suna sake shigar da komai daga kututturen littafin.

Ƙa'idar ita ce, duk abin da aka rubuta a cikin kwantena yana tafiya tare da ita ranar da aka cire ta. Abin da ake so ya dawwama, kamar rumbun bayanai da hotunan ɗalibai da takardun da aka loda, dole ne a ajiye shi a wata taska ta daban da ke wajen kwantenar, wadda Docker ke kira volume, a kuma jona ta da kowace sabuwar kwantena. Manomi ba ya zuba hatsinsa a bukkar gona da zai rushe bayan girbi, rumbu yake kai shi. Ita ma taskar tana da nata haɗarin: umarnin docker compose down yana sauke kwantenoni ya bar taska, amma idan aka ƙara masa -v a ƙarshe, har taskar yake sharewa, kuma ba ya tambayar ko ka tabbata.

Taska kuma ba kwafin ajiya ba ce. A kan faifan sabar take zaune, idan faifan ya ƙone ta ƙone. Ko manyan cibiyoyi ba su tsira daga wannan ba. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kamfanin da masu haɗa shafuka da yawa a yankinmu ke hayar saba a wurinsa, kuma waɗanda kwafin ajiyarsu ke wuri ɗaya da sabar sun rasa duka biyun. An iya sake tayar da manhajojin da ke da imaj cikin ɗan lokaci a wata cibiyar. Bayanan da ba su da kwafi a wani wuri kuwa babu imaj ɗin da ya dawo da su.

Wuta, rezo da nauyin imaj

Galibin darussan Docker an rubuta su ne a inda wuta ba ta ɗaukewa kuma intanet ba ya yankewa. Mu kuwa mun san watannin Afrilu da Mayu, mun kuma ga abin da ya biyo bayan yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023. Idan saba tana cikin ofis, ana buƙatar a saka wa kowace kwantena umarnin ta tashi da kanta bayan wuta ta dawo, a kuma saita kwamfutar ita ma ta kunna kanta. Akwai wani abu da ake mantawa: manhajar kan riga rumbun bayanai shiryawa, ta neme shi ba ta same shi ba, ta faɗi. Rubutawa a fayil ɗin Compose cewa manhajar ta dogara da rumbun bai wadatar ba, domin hakan yana tsara wanda zai fara tashi ne kawai, sai an ƙara gwajin lafiya da zai sa manhajar ta jira har rumbun ya amsa. Duk wannan bai ɗauke buƙatar na'urar riƙe wuta ba, saboda yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya lalata faifai ko da kwantena ko babu.

Nauyin imaj shi ma abin dubawa ne. Cikakken imaj ɗin Python yana kai wajen giga 1 a kan faifai, alhali wanda aka rage wa kaya, mai laƙabin slim, bai kai mega 200 ba. Akwai wanda ya fi shi ƙanƙanta, na Alpine, sai dai wasu kayan haɗin Python ba sa shiga cikinsa kai tsaye, sai an gina su daga tushe, abin da kan cinye lokacin da aka so a tsimi. Ga yawancin ayyukan Django, slim ya wadatar.

Imaj-imaj ɗin kuma daga Docker Hub, ma'ajiyar imaj ta kamfanin Docker, ake sauke su, wato daga ƙetare. A watan Nuwamba na 2020 kamfanin ya ƙayyade wa marasa rajista saukewa 100 a cikin awa 6 ga kowane adireshin intanet, kuma da yake kamfanonin waya sukan haɗa mutane masu yawa a adireshi ɗaya, aji guda na ɗalibai zai iya cin karo da shingen ba tare da sanin dalili ba. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, duk wanda aikinsa ya dogara da saukewa daga waje ya ji a jikinsa. Amma a nan kwantena tana da wata falala da ba a cika ambata ba. Da umarnin docker save ana mayar da imaj fayil guda, a zuba shi a kile, a hau mota da shi zuwa Tawa ko Konni, a loda shi da docker load a kan kwamfutar da ba ta taɓa ganin intanet ba, ya kuma yi aiki daidai da yadda ya yi a Yamai. Sharaɗi ɗaya ne, nau'in injin kwamfutocin ya zama ɗaya, domin imaj ɗin da aka gina a kan sabuwar Mac ko Raspberry Pi ba zai tashi a kan saba mai Intel ba sai an gina shi musamman dominta.

Batun tsaro

Kwantena tana killacewa, amma ba ta gyara ɓaraka. Idan manhajar tana da kafar da ɓarawo zai bi ya karanta rumbun bayanai, kafar tana nan cikin kwantena kamar yadda take a waje. Har ma akwai sababbin kurakurai da ke zuwa tare da ita. Idan ba a faɗa ba, shirin da ke cikin kwantena yana gudana ne da cikakken ikon shugaban tsarin. Kalmar sirrin da aka rubuta a cikin imaj tana nan a hawan da aka saka ta ko da an goge ta a hawa na gaba, kuma duk wanda ya samu imaj ɗin zai iya tono ta. Mafi haɗari shi ne, idan aka buɗe ƙofar PostgreSQL ta 5432 zuwa waje, Docker yana rubuta nasa dokokin hanya waɗanda ke tsallake katangar tsaro ta UFW da masu amfani da Ubuntu, wani nau'in Linux, suka dogara da ita, sai mai saba ya ɗauka ya rufe gida alhali rumbun bayanansa yana kallon titi.

Daskarewar imaj, wadda ita ce amfaninsa, ita ce kuma aibinsa idan aka yi sakaci, domin yana riƙe tsofaffin kaya tare da ramukansu har sai an sake gina shi. Lokacin da aka gano ɓaraka a wani kayan haɗi mai suna Log4j a watan Disamba na 2021, kamfanoni da dama sun sha wahalar gano ko a cikin waɗanne imaj-imaj nasu wannan kayan haɗi yake ɓoye. Ko sigogin Django masu dogon zango, irin su 4.2, shekara 3 ake kula da su. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, akwai kuma hukumar HAPDP da ke sa ido a kai, kuma alhakin bayanan majinyata ko na ɗalibai yana wuyan wanda ya tara su, ko a cikin me ya zuba su.

Masu so da masu ƙi

Masu goyon baya suna cewa saba ɗaya ta haya za ta iya ɗaukar manhajoji huɗu ko biyar masu buƙatu daban-daban ba tare da sun taka juna ba, sabon ma'aikaci yana tayar da aikin a kwamfutarsa da umarni ɗaya, kuma idan sabuntawa ta ɓaci ana komawa tsohon imaj nan take. Ga matashin da ke neman aikin nesa da kamfanonin waje, sanin Docker ya zama kusan sharaɗi.

Masu adawa suna cewa an ƙara wani hawa ne da shi ma sai an koya, kuma idan ya lalace a garin da babu masani, gyaransa ya fi na tsohuwar hanya wuya. Suna da hujja. Ƙaramin shafin ƙungiya da aka yi da PHP, wanda masaukin haya na gama-gari ke ɗauka da ɗan kuɗi kaɗan, ba ya buƙatar kwantena. Python kansa yana da hanyar killace kayan haɗi mai suna venv, wadda ta ishi manhaja ɗaya a saba ɗaya. Akwai kuma batun lasisi: injin Docker na Linux kyauta ne, amma tun watan Agusta na 2021 Docker Desktop, wanda ake girkawa a kan Windows ko Mac, ya zama na kuɗi ga kamfanonin da suka haura ma'aikata 250 ko kuɗin shiga na dala miliyan 10 a shekara, abin da zai iya shafar banki ko kamfanin waya, ba ƙaramin ofis ba.

Inda nake tare da masu adawa ɗari bisa ɗari shi ne kan Kubernetes, tsarin da Google ya fitar a 2014 don sarrafa ɗimbin kwantenoni a kan saba masu yawa. Ɗora shi a kan manhajar da mutum 20 ke amfani da ita ɗaukar wa kai dala ba gammo ne, kuma mai biyan kuɗin shi zai ɗauki nauyin. Inda na rabu da su shi ne kan aikin da zai daɗe, wanda zai wuce daga hannu zuwa hannu. A nan wahalar koyon kwantena ba ta kai wahalar gadon sabar da ba a san yadda aka girka ta ba.

Abin da mai ba da kwangila zai nema

Mai makaranta ko mai kantin magani ba ya buƙatar sanin umarni ko ɗaya, amma yana da haƙƙin karɓar wasu abubuwa a hannu kafin ya biya kuɗin ƙarshe. Ya karɓi rubutun manhajar tare da Dockerfile da fayil ɗin Compose, ba imaj kaɗai ba, domin imaj ba tare da su ba kaya ne a kulle da wani ba zai iya sabuntawa cikin sauƙi ba. Ya karɓi kalmomin sirrin saba da na rumbun bayanai a rubuce, a kuma yi rajistar sunan shafin da hayar sabar da sunan ma'aikatarsa. Ya tambaya a nuna masa inda taskar bayanai take, sau nawa ake ɗaukar kwafi, kuma a wane gini kwafin yake kwana. A rubuta a kwangila wanda zai riƙa sake gina imaj ɗin, da kuma kuɗin wannan hidima a shekara.

Sannan ya nemi a yi gwaji a gabansa. A kawo wata kwamfuta da ba ta taɓa ɗaukar aikin ba, a ba wani injiniya da ba shi ya haɗa manhajar ba waɗannan fayiloli da kwafin ajiyar daren jiya, a bar shi ya tayar da ita ba tare da ya kira maginin a waya ba. Idan shafin ya buɗe, sai sakatariya ta nemo rasit na ƙarshe da ta rubuta jiya da yamma, ta duba suna da adadin kuɗi da kuma lokacin da ke jikinsa.